Idan Kaza, To Kaza: Sharaɗi da Zagaye ga Masu Koyon Rubuta Manhaja a Kalgo

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ta sami mazauni a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, garin Kalgo ya zama masaukin ɗalibai, kuma cikinsu akwai masu karatun ilimin kwamfuta. Ga takwarorinsu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da jami'ar jiha da ke Aliero, ga kuma matasan da suka shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya da aka ƙaddamar a 2023. Duk wanda ya fara koyon rubuta manhaja a cikinsu, makonnin farko suna yi masa daɗi. Ya sa kwamfuta ta rubuta sunansa, ya sa ta tara lambobi biyu. Sai a zo kan sharaɗi da zagaye, a nan ne gwiwar da yawa take sanyi, har wani ya ce wannan karatu ba nasa ba ne. Abin yana damuna, domin wannan gaɓa ita ce zuciyar sana'ar, kuma ɗan ƙasar Gwandu ya fi kusa da ita fiye da yadda yake zato.

Kwamfuta tana bin umarni ne layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Abu biyu ne ke karkatar da ita daga wannan miƙaƙƙiyar hanya: ko ta zaɓi ɗaya cikin hanyoyi bisa wani sharaɗi, ko ta koma ta maimaita aiki. A 1966 masana biyu, Corrado Böhm da Giuseppe Jacopini, suka tabbatar ta hanyar lissafi cewa jeri da zaɓi da maimaitawa sun isa a gina duk wani lissafin da kwamfuta za ta iya yi. Manhajar banki da ke wayarka da wadda ake zana jarrabawar JAMB da ita, duk a kan waɗannan ukun suka tsaya.

Mu ɗauki zakkar amfanin gona, tunda ƙasar Kebbi ƙasar shinkafa ce. Ɗalibin da ya karanta Risala a zaure ya san ƙa'idar: ba a fitar da zakka sai amfanin ya kai nisabi, wato wusuƙi 5, daidai da sa'i 300. Idan ya kai, a duba yadda aka shayar da gonar. Wadda ruwan sama ya shayar ana fitar da kashi 1 cikin 10, wadda aka wahala wajen ba ta ruwa, kamar noman rani da inji a fadama, kashi 1 cikin 20. Ga yadda za a faɗa wa kwamfuta wannan a yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991:

if awo < 300:
    zakka = 0
elif da_inji:
    zakka = awo / 20
else:
    zakka = awo / 10

Kalmar if tana nufin idan, elif tana nufin in ba haka ba amma idan, else kuwa ita ce ta kwashe duk abin da ya rage. Kwamfuta tana gwada sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, da zarar ta sami wanda ya tabbata sai ta aikata abin da ke ƙarƙashinsa, ta tsallake sauran ba tare da ta waiwaye su ba. A Python, ɗan filin da aka bari a farkon layi shi ke nuna umarnin da ke ƙarƙashin kowane sharaɗi, don haka ba ado ba ne.

Wannan rubutu yana aiki, amma bai cika ba. Manomin da ya shuka da damina, ruwa ya ɗauke kafin shinkafa ta nuna, ya ƙarasa da inji, ina matsayinsa? Malaman fikihu ba su bar wannan a buɗe ba: idan shayarwar biyu ta yi daidai wa daida, ana fitar da kashi 3 cikin 4 na ushiri (wato na kashi 1 cikin 10 ɗin nan), kuma sun yi bayani kan inda ɗaya ta rinjayi ɗaya. Manhajarmu kuwa ba ta san da wannan manomi ba. Za ta jefa shi cikin ɗayan rukunin biyu, ta ba shi lissafin da ba nasa ba, kuma ba za ta nuna alamar kuskure ko ɗaya ba. A ganina wannan ne babban darasin sharaɗi. Haddace if da else aikin yini ɗaya ne. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sabon tambayar kai: wane hali ne ban tanada ba? Tambayar da malamanmu na fikihu suka ƙware a kanta ke nan, suna bin mas'ala reshe bayan reshe har sai ba wanda ya rage ba hukunci.

Jerin sharuɗɗan ma yana da tasiri. A jami'o'in Najeriya da yawa, maki 70 zuwa sama A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, ƙasa da 40 faɗuwa. Sabon mai koyo yakan fara daga ƙasa, ya rubuta cewa idan maki ya kai 40 a ba da E, sannan ya bi da sauran. Ɗalibin da ya ci 85 zai tashi da E, domin 85 ta kai 40 kuma kwamfuta ta tsaya a sharaɗin farko da ya tabbata. Gyaran shi ne a fara daga 70 a gangaro. Sai kuma bakin iyaka: “ya wuce 70” daban, “ya kai 70” daban. Alama ɗaya ce tsakaninsu a rubuce, amma ita ke raba wanda ya ci 70 cif da A ɗinsa.

Zagaye, wanda ɗalibai suka fi kira lup, iri biyu ne a Python. Na farko for, ana amfani da shi idan akwai jerin abubuwan da za a bi ɗaya ɗaya. Ƙungiyar manoma mai mutum 200 ba ta buƙatar a rubuta lissafin zakka sau 200. A rubuta shi sau ɗaya, a sa shi cikin for, kwamfuta ta bi sunayen har ƙarshe. A kula dai, Python daga sifili take fara ƙirga, kuma range(1, 10) a 9 yake tsayawa.

Na biyu while, shi kuma ba ya ƙirga komai da kansa, yana ci gaba ne muddin sharaɗinsa na nan. Wanda ya taɓa manta lambar sirrin katinsa a gaban na'urar cirar kuɗi ya ga irinsa: muddin lambar ba daidai ba ce kuma gwaji bai kai 3 ba, a sake tambaya, in ya kai, a rufe katin. Haɗarin while shi ne dole wani abu a cikin zagayen ya riƙa matsar da shi zuwa ga tsayawa. In aka manta ƙara ɗaya a kan adadin gwajin, zagayen ba zai ƙare ba muddin ba a saka lambar daidai ba.

Kada mai koyo ya ɗauka shi kaɗai ke faɗawa wannan rami. Ranar 31 ga Disamba, 2008, na'urorin sauraron waƙa na Zune masu girman 30GB, na kamfanin Microsoft, suka sandare a faɗin duniya. Manhajar agogonsu tana riƙe da adadin kwanaki tun daga 1980, tana cire na shekara guda a kowane zagaye don ta gano shekarar da ake ciki. An rubuta cewa muddin kwanakin sun wuce 365 a ci gaba. Idan shekarar mai kwana 366 ce, a cire 366 in kwanakin sun wuce 366. To 2008 irin wannan shekara ce, kuma a ranarta ta ƙarshe adadin ya tsaya a 366 cif. Ya wuce 365, don haka zagaye bai tsaya ba. Bai wuce 366 ba, don haka ba a cire komai ba. Na'ura ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Shawarar da kamfanin ya bayar ita ce a bar batir ya ƙare, a sake kunnawa washegari. Ƙwararru ne suka rubuta wannan, amma hali ɗaya da ba a tanada ba ya kayar da su.

Shi ya sa nake roƙon malamai da ɗalibai su riƙe takarda da biro. Kafin a kunna manhaja, a zana layuka, kowane abu mai canzawa da gurbinsa, a bi rubutun da hannu kamar kai ne kwamfutar, ana rubuta abin da ya canza a kowane zagaye. Wannan ba ya buƙatar wutar lantarki ko data, kuma shi ke gina fahimta. Wanda bai da kwamfuta zai iya gwada abin da ya rubuta a wayar Android da manhaja irin Pydroid. Yanzu da ChatGPT da ire-irensa ke rubuta wa mutum lup cikin daƙiƙa, jarabar kwafa ta ƙaru. Ban hana amfani da su ba, amma wanda bai iya bin zagaye da hannu ba, ba zai gane lokacin da aka miƙo masa mai kuskure ba.

Ga aikin da mai koyo zai fara da shi yau. Ya rubuta lissafin zakkar nan, ya ƙara reshen gonar da aka shayar ta hanya biyu bayan ya tambayi malaminsa hukuncin, ya sa shi cikin zagayen da zai bi manoma biyar. Sannan ya gwada da 299, da 300, da 301, da sifili, da lambar da ke ƙasa da sifili, ya kuma ga abin da zai faru in wani ya rubuta “ɗari uku” da haruffa a inda ake jiran lamba.