Tsara Ɗaga Ƙarfe Domin Cika Damtse

Manyan tsokoki biyu ne a damtse. Ta gaba ita ke lanƙwasa hannu daga gwiwa, ta baya kuma ita ke miƙe shi, kuma ta fi girma, domin ta kai kusan kashi biyu bisa uku na kaurin damtsen. Yawanci hannu kan ƙi cika idan aka yi watsi da ta baya, ko aka bar aikinsa sai ƙarshen atisaye, bayan gajiya ta kama jiki.

Gyaran yana farawa daga rabon ranaku. Ana iya ware Litinin ga hannu da kafaɗa, Talata ga ƙafafu, Alhamis ga ƙirji da gadon baya, sannan Asabar a sake komawa kan hannu. Wannan tsari yana ba tsoka hutun aƙalla awa 48, wanda a cikinsa take girma.

Kowane salon ɗagawa a yi shi zagaye 3 ko 4, kowane zagaye sau 8 zuwa 12, ana ƙara nauyi sannu a hankali. Wake, ƙwai, kifi, nono da isasshen barci su ne ke kammala ginin.