Winci da Lakar Fadamar Rima

Shirinmu na musamman na yau zai sauka daga kan kwalta. Duk wanda ya taɓa barin titin Birnin Kebbi zuwa Argungu ya gangara fadama, ko ta wajen Ambursa da Zauro, ko can gaba wajen Gulma da Augie, ya san yadda ƙasar nan take yaudarar direba. Sama ta bushe ta tsattsage kamar za ta ɗauki tirela, ƙasa kuwa laka ce mai danƙo. Da can sai damina ake wannan fargaba, musamman Agusta da Satumba lokacin da gulbi ke cika ya malala. Amma tun da noman rani ya kankama, musamman bayan shirin bai wa manoman shinkafa rance da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, injunan ban-ruwa sun sa hanyoyin gona suna jiƙe har cikin zafin Maris. Malamin gona, da dillalin shanshera, da ma'aikatan riga-kafi, duk cikin wannan laka motocinsu ke shiga. To idan mota ta kafe, me zai fito da ita? Wannan ya kawo mu ga injin jan mota da ake ɗaurawa a gaban a-kori-kura ko jif, wanda makanikai ke kira winci.

A taƙaice, winci ƙaramin inji ne mai aiki da batirin mota, yana juya ganga, gangar tana naɗe igiya mai tsawon mita 25 zuwa 30. Ka ɗaura bakin igiyar a jikin wani abu mai ƙarfi, ka danna, mota ta ja kanta. Irin wanda ake sa wa ƙananan motoci ya yaɗu ne daga Amurka, inda kamfanin Warn, wanda Arthur Warn ya kafa a 1948, ya fito da nasa a 1959. Tarihin ke nan, ba za mu daɗe a kansa ba. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne yadda ake zaɓe, domin yawancin masu saye lamba ɗaya suke dubawa, wadda aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali: 9,500, ko 12,000. Ra'ayina kuwa, a wannan kwari namu na Rima, lambar nan ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata ya ɗauke maka hankali. Ƙasar da za ka shiga ita ce za ta zaɓa maka winci, kuma ita ce za ta gaya maka abin da za ka saya tare da shi.

Mu fara da lambar dai, tunda ba a rasa ta da amfani. Awon laba ne irin na Amurka. Laba 9,500 kimanin kilo 4,300 ke nan, laba 12,000 kuma kimanin kilo 5,400. Ƙa'idar da masu ƙera winci suka daɗe suna bayarwa ita ce ka ɗauki nauyin motarka da cikakken lodi, ka ƙara masa rabinsa. Da cikakken lodi fa, a ji ni da kyau. Hilux da ta ɗauki mutum biyar, da buhu goma na taki mai kilo 50, da injin ban-ruwa da jarkokin mai, ta doshi tan 3. Ƙara rabi, tan 4 da rabi ke nan, wato kusan laba 10,000. Saboda haka duk wincin da ya gaza laba 9,500 ba na irin wannan mota ba ne, ko da mai shago ya rantse. Wannan ita ce ƙa'ida, kuma ƙa'ida ce mai kyau, sai dai ba lakar fadama ce a ran waɗanda suka tsara ta ba.

Ga abin da ya ja hankalina sosai. Sojojin Amurka suna da wani tsohon littafin horo a kan yadda ake ceto motocin yaƙi da suka kafe, kuma a cikinsa sun kasa kafewa gida uku, gwargwadon zurfin da mota ta nutse. Idan laka ta tsaya a iyakar tayu, ƙarfin da ake buƙata a fizgo motar daidai yake da nauyinta. Idan ta haye tayu ta kai madigadi, sai a ninka nauyin sau biyu. Idan ta kai ga gidan direba, sau uku. Ku sake saurara: ɗaya, biyu, uku. Mutanen da suka rubuta wannan ba 'yan kasuwa ba ne, babu abin da suke son sayar wa kowa, tankoki da manyan motoci suka yi ta tonowa daga taɓo har suka gane lissafin. Dalilin ninkin kuwa duk manomin fadama ya san shi a ƙafarsa. Idan ka zurma cikin laka har gwiwa, ba nauyin ƙafarka ne ke hana ka zaro ta ba, lakar ce ta tsotse ta, har takalmi kan zauna a ciki ƙafa ta fito ita kaɗai. Haka take yi wa cikin mota idan ya kwanta a kanta. Masana tarihi ma kan lissafa ruwa da fadamar da suka kewaye Argungu cikin abubuwan da suka taimaki Kabawa wajen tsare garinsu daga mahaya dawaki a ƙarni na 19, kafin zaman lafiyar da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ta 1934 ta ƙarfafa, wadda daga ita bikin kamun kifi ya samo asali. Ƙasar da ta riƙe doki ba za ta ji nauyin riƙe Hilux ba. To yanzu mu koma ga motarmu mai tan 3. Ta nutse zuwa madigadi, abin da ake buƙata ya zama tan 6. Wincin laba 9,500 bai kai ba. Na laba 12,000 ma bai kai ba.

Nan wani zai ce, to ai magana ta ƙare, a sayi wanda ya fi kowanne girma. Na fahimci wannan tunani, amma ban yarda da shi ba, kuma ga dalilaina. Na farko, lambar kwali gaskiya ce a yanayi ɗaya tak: lokacin da aka warware igiyar kusan duka, saura naɗin farko a jikin ganga. Da zarar igiya ta fara hawa kan 'yar'uwarta, gangar ta yi kauri, ƙarfin ya ragu, kuma kafin a kai hawa na huɗu winci na iya zubar da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Mai babban winci da ya ɗaura a wuri na kusa, igiyarsa na dunƙule a ganga, zai iya samun ƙarfin da bai kai na mai ƙarami da ya warware tasa ba. Na biyu, girma nauyi ne. Winci da mazauninsa na ƙarfe kan ɗora wa hancin mota gomman kiloli, kuma hancin nan shi ne ke fara nutsewa. Na uku, kuma shi ne babba, akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da ke yin abin da ƙarin kuɗin ba zai yi ba. Fuli ne, irin ƙafar nan mai kwari da igiya ke bi ta kanta, kamar wadda ake ratayawa a bakin rijiya, sai dai wannan an ƙera shi don ɗaukar tan masu yawa. Ka kai igiya wurin da ka ɗaura fulin, ta zagayo ta dawo ka maƙala ta a jikin motarka, ƙarfin jan ya kusan ninkuwa biyu, saurin ya ragu da rabi. Wincin laba 9,500 da fuli ya haura tan 7. Ga shi kuma ya cinye igiya ninki biyu, wato ya mayar da kai kusa da naɗin farko inda ƙarfin yake. Kuɗinsa bai kama ƙafar bambancin da ke tsakanin ƙaramin winci da babba ba.

Sai tambayar da ta fi duka wuya a fadamarmu, wadda ba a rubuta ta a jikin kowane kwali ba: a jikin me za ka ɗaura? Waɗanda suka ƙera wannan inji a arewa maso yammacin Amurka cikin dazuzzuka masu manyan itatuwa suke. Tsaya a tsakiyar fadamar Zauro ka waiga, shinkafa ce iyakar ganinka, giginya ɗaya can nesa, gawo ɗaya can a tudu. Igiyarka mita 30 ce, idan ka sa fuli ta koma 15. Winci ba tare da madogara ba kaya ne kawai. Shi ya sa nake cewa wanda zai saya a nan ya sa kuɗin ƙarin igiya mai ƙarfi ta mita 20 ko fiye a cikin lissafinsa tun farko, da faffaɗar ɗamara da ake zagaya itace da ita don kada waya ta yanke ɓawonsa ta kashe shi, domin itacen nan na wani ne kuma inuwar masu aiki ce. Idan babu itace, akwai tsohuwar dabara: a haƙa rami mai zurfin kamar mita ɗaya, a binne safayar taya da ɗamara a jikinta, a tona siririyar hanya da ɗamarar za ta bi ta fito a kwance, a mayar da ƙasa a daddanne. Yana aiki, amma a busasshiyar ƙasa ko jigawa, ba cikin taɓon da ya kama motar ba. Ashe shebur ma na cikin kayan winci. Kuma shebur ɗin nan, idan aka kwashe lakar da ke gaban tayu da ƙarƙashin mota kafin a fara ja, shi ne ke sauko da lissafin sojojin nan daga ninki biyu zuwa ɗaya. Falwayar lantarki da bututun rijiyar manomi kuwa ba madogara ba ne, a bar su.

Akwai ƙorafi na biyu, kuma shi na fi girmamawa. Mai sauraro zai ce, mu a nan ba a barin mutum a laka. Mota ta kafe, kafin ka fito samari sun taru, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in abin ya gagara a kira tarakta. Gaskiya ne, kuma ga wanda aikinsa bai wuce bakin gari ba, ko wanda sau ɗaya a shekara yake sauka daga kwalta, ni ma ba zan ce ya sayi winci ba, ya sayi shebur da igiyar ja mai kyau ya riƙe lambar mai tarakta. Amma a duba waɗanda suka fi shiga lungu. Motar da ke ɗauke da allurar riga-kafi cikin ƙanƙara, sa'o'i ƙidayayyu take da su. Motar da ta ɗauko mai naƙuda daga ƙauye da tsakar dare ba ta da samarin da za ta jira. A ambaliya irin ta 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan ta kuma yanke hanyoyi, kowa ta kansa yake yi, tarakta ma neman mai ceto take. Sannan fizgar tarakta da sarƙa, ta ɗauki gudu ta finciko, ita ce ke tsinke ƙugiya ta lanƙwasa shasi. Winci a hankali yake ja, kana gani, kana iya tsayawa.

Lokaci na neman ƙwace mana, ga sauran batutuwa uku, bari in bi su da sauri. Wuta: winci a tsananin ja yana iya zuƙar amfiya 400 ko fiye, abin da na'urar cajin mota ke bayarwa kuwa bai kai rabin haka ba. Batirin ne ke biyan bashin. Tsohon batir da ke tada mota da kyar da safe ba zai ja ta daga laka ba, kuma a zafin Afrilu na Birnin Kebbi, da ke haura digiri 40, dole a ja kaɗan a huta, injin mota na kunne, in ba haka ba wincin ya ƙone. A nemi mai hatimin hana shigar ruwa, za ku ga an rubuta IP68, kuma a sa rewaya ya ɗaga akwatin wutarsa sama. Mazauni: a jikin shasi ake ɗaure winci da faranti mai kauri da kusoshi masu ƙarfi, ba a yi masa walda a bambar kwalliya ba.

Igiya kuma iri biyu ce. Wayar ƙarfe ta fi araha, ta fi jure gogar yashi, amma tana tsatsa, kuma idan ta tsinke tana dawowa kamar bulala, tana iya kashe mutum. Ta zare, irin ta Dyneema, ba ta da nauyi, tana yawo a saman ruwa, idan ta tsinke haɗarinta ya fi sauƙi, sai dai rana da zafin ganga suna cin ta, yashin da ya shige cikinta yana yanka ta, dole a wanke ta bayan kowace shiga laka. Ni ta zaren nake zaɓa wa fadama, saboda abu ɗaya: a nan ba a ceto mota babu 'yan kallo, kuma yawancinsu yara ne. Kowacce ka saya, a jefa bargo ko buhu mai nauyi a tsakiyarta kafin a ja, a sa safar hannu, a kori kowa nesa fiye da tsawon igiyar, kada wanda ya tsallaka ta tana miƙe.

Mai kula da na'ura ya ɗaga mini hannu. Allah ya tsare matafiya, ya ba manoma damina mai albarka.