Me ƙudirin kare namun daji zai sauya a Najeriya?

A watan Oktoban 2025 Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin kare dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, wanda ɗan Majalisar Wakilai Terseer Ugbor ya gabatar domin maye gurbin dokar 1985.

Najeriya ta daɗe da zama zangon masu fasa-ƙwaurin hauren giwa da ɓawon ɗankunya zuwa Asiya. Galibi 'yan aike ake kamawa, iyayen gidansu kuwa na gefe suna ƙirga riba. A nan ƙudirin ya fi ƙarfi: ya ba masu bincike ikon bin sawun kuɗin, ya ba kotu ikon ƙwace kadarori, baya ga ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10. Sai dai kaso mai yawa na aikin zai faɗa kan jami'an kwastam na tashoshin jiragen ruwan Legas, inda kwantenonin ke fita.