An warke daga sankarar jini? Kada a yar da katin asibiti

Ka san wani a danginku, ko a ƙauyenku can Makoda, da aka yi ta zarya da shi asibiti yana yaro saboda sankarar jini, har Allah ya ba shi lafiya? To, tsaya ka karanta, don saura ƙiris a labarin.

Sankarar jini ita ce kansar da ta fi kama yara. Ƙwayoyinta kan ɓuya a ƙwaƙwalwa, inda maganin da ke bin jini ba ya kaiwa sosai. Shi ya sa tun shekarun 1960 likitoci suka riƙa yi wa kan yaro gashi da na'ura. Dubban yara sun rayu ta haka. Sai dai daga baya aka ga kaɗan daga cikinsu ƙari ya fito musu a ƙwaƙwalwa. Wani yakan bayyana cikin shekara 10. Wani kuma, mai tsirowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, sai bayan shekara 20 ko fiye, kuma galibi ana iya cire shi da tiyata in an gano da wuri.

A 2009 likitocin asibitin St. Jude da ke Amurka suka nuna ana iya warkar da yara ba tare da gashin kai ba, ta hanyar zuba magani a ruwan laka. Yau yawancin yara ba a yi musu gashin. Saboda haka kar ka hau Facebook ka ce maganin kansa na jawo kansa. Rashin maganin shi ke kashe yaranmu.

Matsalarmu a nan ita ce fassara. Saurayi ya faɗi yana farfaɗiya a gona, a ce iska ce. Budurwa ta canza hali, a ce sammu. In mutum ya taɓa jinyar sankarar jini, ga ciwon kai da amai da sassafe, ko gani dishi-dishi, ko ɓari ɗaya ya yi sanyi, a yi addu'a, amma a kama hanyar Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Tambayar farko da likita zai yi: an yi gashin kai? Iyaye kan manta, katin kuma yana ƙasan akwatin Inna, gara na cinsa. Je ka nemo shi yau, ka ɗauki hotonsa da wayarka.