Den Gamle By

Den Gamle By, wato "Tsohon Gari" a harshen Denmark, gidan tarihi ne na sararin fili da ke birnin Aarhus a ƙasar Denmark. An buɗe shi a shekarar 1914. Yana ɗauke da tsofaffin gine-gine kimanin 75 da aka kwaso daga garuruwa daban-daban na ƙasar, aka sake tayar da su a wuri guda, da tituna da kantuna kamar ainihin gari.

Tarihi

Asalin wurin wani gida ne da aka gina a 1597, wanda ake kira Gidan Magajin Gari. Lokacin da aka yi niyyar rushe shi, wani malamin makaranta mai suna Peter Holm ya tsaya kai da fata sai an cece shi. Da yake gidan na ginshiƙan katako ne, sai aka kwance shi, aka sake haɗa shi a wurin baje kolin ƙasa da aka yi a Aarhus a 1909. Bayan shekara biyar aka mayar da shi kusa da lambun tsirrai na birnin, inda yake har yau.

Daga nan Holm ya ci gaba da neman gidajen da ake shirin rushewa a wasu garuruwa. A 1923 ya samo wani babban gidan fatake daga birnin Aalborg, kuma bayan haka ne wurin ya samu sunan da ake kiransa da shi yanzu.

Abubuwan da ke ciki

Cikin fitattun gine-ginen akwai gidan wasan kwaikwayo na Helsingør, na shekarar 1817, da gidan shugaban maƙerar kuɗi da aka kawo daga Kopenhagen. An kasa wurin unguwa-unguwa bisa zamani, kamar 1864, 1927 da 1974. Ma'aikata kan sa tufafin da, suna aikin gasa burodi ko tsaron kanti a gaban maziyarta.

Akwai kuma wani gida da aka ƙawata da kayan shekarun 1950 domin tsofaffi masu ciwon mantuwa. Ana kawo su su zauna cikin kayan da suka sani tun suna matasa, don hakan ya taimaka musu su tuna rayuwarsu ta baya.