Tramadol: Inda magani ke komawa guba

Tramadol magani ne na kwantar da matsanancin ciwo, irin wanda kan biyo bayan tiyata ko karaya. A ƙwaƙwalwa yake aiki, inda yake dusashe jin zafi, kuma a nan haɗarinsa yake: idan ya yi yawa yakan danne numfashi ko ya tayar da farfaɗiya.

Shi ya sa ba a shan sa sai da takardar likita, kuma babban mutum ba ya wuce miligiram 400 a yini, a rarrabe. Hukumar NAFDAC ta amince ne da ƙwayoyi masu miligiram 50 da 100. Masu 225 da ake sayarwa a bayan fage haramtattu ne.

Haɗa shi da barasa ko maganin barci irin diazepam yana iya kisa. Wanda ya sha kada ya yi tuƙi muddin yana jin magagi. Wanda ya daɗe yana sha kuwa, ba ya dainawa kwatsam. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Idan mai shan sa ya kasa farkawa, ko numfashinsa ya yi rauni, a garzaya da shi asibiti nan take.