Tsoron faɗuwa: Darasin Girku ga majami'un Samaru da Sabon Gari

Duk ranar Lahadi idan aka tashi sujada a majami'un Samaru da Sabon Garin Zariya, ba a rasa mai komawa gida da wata shawara a zuciya. Wata na son buɗe ajin ɗinki a Zumuntar Mata, wani ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello na son koyar da yaran unguwa karatu da yamma. Sau da yawa shawarar kan mutu kafin ta kai kunnen fasto ko dattawan ikilisiya. Idan ba wanda ya zo fa? Idan kuɗin baiko ya salwanta, da wane ido za a kalli jama'a?

Sai dai tarihin manyan ɗarikun da ke waɗannan unguwanni ya nuna da faɗuwa suka soma, kuma a gari guda: Girku, kudu da Zariya.

A ƙarshen 1893 wasu samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara Arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, Bingham ya koma gida hannu rabbana. Ya sake zuwa a 1900, zazzaɓi ya mayar da shi. Sai a karo na uku tawagar da ya turo ta kafa tasha a Pategi a 1902. Daga wannan aiki na mishan ɗin SIM aka samu ECWA a 1954.

Su ma Angalikan haka suka sha. A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci tawagar CMS zuwa Kano, Sarki Aliyu Babba ya ce su bar masa gari. Suka yada zango a Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. Likita Walter Miller bai haƙura ba, a 1905 ya zauna cikin birnin Zariya yana magani da koyarwa. Ƙauyen Gimi da aka kafa wa sababbin masu bi, ciwon barci ya tarwatsa shi. A 1929 mishan ɗin ya koma Wusasa, a 1932 kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, fassarar da Miller ya taka babbar rawa a cikinta.

A Wusasa Janar Yakubu Gowon ya tashi. Farfesa Ishaya Audu, wanda shi ma ya fito daga wannan al'umma, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya riƙe ministan harkokin waje, aka tsare shi bayan juyin mulkin 1983. Da ya fito, sai ya dawo Samaru ya shiga sabon aiki, duba marasa lafiya da hidimar coci, har ya rasu a 2005.

Waɗannan mutane ba ƙarfin hali kaɗai suka yi ba, sun gyara dabara. Miller ya fara koyon Hausa a Tarabulus tun kafin ya taka ƙasar Hausa, kuma da ƙofar Kano ta rufe, ya nemi ta Zariya.

Wannan shi ne abin da mai sabuwar hidima zai ɗauka. Ya fara da kaɗan, ko da yara biyar ne a baranda. Ya kai maganar gaban dattawa tun farko, ya nemo abokin aiki, a rubuta kowace naira da ta shiga ko ta fita. A kuma yanke lokaci, kamar wata uku, da za a zauna a duba abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba.

Dattawa ma na da nasu nauyin. Idan matashi ya gwada abu bai yi ba aka mayar da shi abin zunɗe, goma na bayansa za su ja baki su yi shiru. Da haka aka yi wa Bingham a 1894, da wuya a ga allon ECWA a Samaru yau.